Buhu Goma Sha Ɗaya

Buhu goma sha ɗaya na sauke a soro,
masara bakwai, huɗu jar kaura,
daga gonar gado a bayan Dawakin Tofa
zuwa wannan gidan haya na Kurna.
Zakka na fitar tun a masussuka,
saura nawa ne, in ji mutane.
Amma tun daren da suka kwana gidan nan
barci ya yi mini ƙaura.

Mai taki yana bi na kuɗin buhu biyu.
Ba ya tambaya, gaisuwa kawai yake yi,
irin gaisuwar da ta fi sammaci nauyi.
Hansatu ta ce rufin ɗaki na yoyo,
a gyara tun ruwa bai dawo ba.
Ilu kuwa an koro shi ran Litinin,
ya hau buhun masara yana bitar karatu,
bai san a kan kuɗin makarantarsa yake zaune ba.

Na je Dawanau da 'yar masara a leda.
Ɗan'azumi dillali ya jefa ƙwaya a baki,
ta ce ƙas, ya gyaɗa kai,
ya yanka farashi yana duban wayarsa
kamar ba da ni yake ba.
Na ce albarka.
Ya ce, "Malam Tanimu, dubi layin motoci.
Kaka ce, kowa da nasa ya zo,
gobe ma ba lallai ka sami haka ba."

Yayana Barau ya ce kar in kuskura.
"Zuba magani, ɗora kan katako, ja ƙofa.
Bari bazara ta gasa gari,
rumbunan ƙauye su fara amsa kuwwa,
da ƙafarsu za su biyo ka har soro."
Barau ya manta bara, ni ban manta ba.
Wake buhu shida muka kulle wata biyar,
farashi ya hau, muka ce ya ƙara,
ya ƙara, muka ce saura kaɗan,
dare ɗaya ya zame kamar ƙafa a santsi.
Da muka kwance ɗinki, ƙwaro ya riga mu ciniki,
gari da huji muka kai kasuwa.

Ran Juma'a liman ya taso wa masu ɓoye abinci.
Na sunkuya ina ƙirga yatsuna.
Da ni ake?
Mai sito yana da dubu a bayan kwaɗo,
ni sha ɗaya, da bashi, da ɓera.
Amma da la'asar na ga Gwaggo Tasalla
tana kwance bakin zane gaban mai awo,
rabin kwano, tana roƙon gyara.
In na jira tsada, kukan wa nake jira?
In na sayar yau, wa zai ji nawa
ranar da zan auni masarata ninki biyu
tsakiyar damina,
a hannun wanda bai san kantar fartanya ba?

Da asuba na kira mai a-daidaita.
Huɗu suka fita, na bi su da ido har kwana.
Biyar na ɗora kan katako, na ja ƙofa.
Biyu Hansatu ta zana wa gawayi,
ta ce waɗannan na tukunya ne,
ko kasuwa za ta taɓo sama.
A ciki ta ɗebi kwano uku
ta aika gidan Gwaggo, ba ta shawarce ni ba.

Barau ya ce na yi gaggawa.
Ɗan'azumi ya ce na yi taurin kai.
Mai taki ya koma gaisuwar mutane.
Jiya na ji an ce buhu ya motsa,
ban tambaya sama ko ƙasa ba.

Ilu ya tafi makaranta da safe.
Da dare nakan fito soro da tocila,
in kara kunne jikin buhu, in yi shiru,
ko zan ji wani ya fara ci
kafin ni in gama lissafi.